Saba Ta Goma Sha Tara

A kamfanin ba mai kiransa da sunan yanka. Mai Makulli ake ce masa, kuma yana son sunan, ko da yake in an kira shi sai ya sha mur kamar an zage shi. Makullin na ɗakin sanyi ne, wani dogon ɗaki marar taga a ƙarshen baranda, inda sabobi ashirin da takwas ke jere cikin akwatunan ƙarfe suna huci. Saba babbar kwamfuta ce, ba allo ba linzami, aikinta ajiya. Kamfanin kuwa na ɗaukar hoton marasa lafiya ne, na ƙirji da na ƙashi da na ciki, yana da rassa ashirin da takwas, kowane reshe da sabarsa a wannan ɗaki. Shekara goma sha shida makullin nan yana rataye a bel ɗinsa, ya cinye masa madaurin wando ya fi a ƙirga.

Ba a makaranta ya koyi aikin ba. A wani shagon gyaran rediyo ya fara, ƙarƙashin matattakalar bene, wurin wani maigida da in zai yi abin da ke da wuya sai ya juya masa baya don kada ya gani. Da wani ne, da ya tashi da tsanar wannan hali. Shi ɗauka ya yi ya sa a aljihu. Daga rediyo ya koma injin kwafin takardu, daga nan kwamfuta, yana kwance matattu yana haɗawa har hannunsa ya faɗa. Lokacin da kamfanin ya ɗauke shi sabobi biyu ne kacal. Gaskiyarsa ɗaya, ba malalaci ba ne, kuma ba ya ƙarya a kan abin da bai iya ba. Amma baƙin hali kam ya samu wurin zama. Mataimaka uku aka ba shi a shekarun nan, duka ukun da ƙafarsu suka gudu, na ƙarshen ko sallama bai tsaya yi ba.

Ga yadda yake aikinsa. Kowace saba tana da rubutun umarni, wanda suke kira sikirif, shi ke gaya mata ta goge kaza, ta ɗora kaza, sunanta kaza, lambar adireshinta kaza, ta riƙa kai kwafin ajiyarta wuri kaza. In an buɗe sabon reshe sai ya kwafi sikirif ɗin reshen da ya gabata, ya bi shi layi-layi yana sauya suna da lamba da hannu, wuri goma sha ɗaya. Kwana biyu yake yi kan kowace, ƙofa a kulle. Duk wata saba mai halin kanta, wadda fankarta ke ƙara ko wayarta ke son a lallaɓa, yana rubuta ta a wani baƙin littafi mai roba a ɗaure. Kuma yana da wata ɗabi'a tun shagon rediyo: duk shafin da ya buɗe ya duba, sai ya sa kwanan wata a gefe. Hannunsa ke yi, ba ya ma sani.

Littafin nan ko Manaja bai taɓa leƙa cikinsa ba. Shi ya sa in Mai Makulli ya yi zazzaɓi kamfanin gaba ɗaya ke rawar sanyi, kuma hakan na yi masa daɗi fiye da albashi.

A gida matarsa malamar firamare ce, mace mai haƙuri wadda ta daɗe da gane cewa in ya shigo yana tsaki, abinci ake ajiye masa a bar shi. Ƙanwarta, Auta, ta dawo hannunsu tana shekara tara, bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan babur, shi ya ba ta mataccen kibod tana wasa da shi a tsakar gida. Da ta gama karatun kwamfuta, ba wanda bai ji labari a bakinsa ba. Shi da kansa ya kai ta ofishin Manaja ya ce ga mataimakiyar da yake so. A lissafinsa ya samu mai riƙe masa sukundireba wadda ba za ta yi masa musu ba, tunda a gabansa ta girma.

Wata huɗu ta yi tana riƙe sukundireban. Sai aka ce tsarin da sabobin ke aiki da shi ya tsufa, dole a goge shi a ɗora sabo a kan duka ashirin da takwas. Manaja, wani gajere mai yawan duba agogo, ya kira su biyun ofis ya tambayi kwana nawa za a yi.

"Wata biyu," in ji Mai Makulli. "In ba a dame ni ba."

Manaja ya dafe kai. Auta ta yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ina ganin za a iya yi a yini ɗaya."

Mai Makulli ya juyo a hankali ya dube ta, irin kallon da yake mata tana ƙarama in ta sa baki a maganar manya. Ba ta gani ba, ko ta yi kamar ba ta gani ba. Ta buɗe kwamfutarta ta juya wa Manaja.

"Sikirif ɗin nan guda ashirin da takwas duk abu ɗaya suke faɗa, suna da lamba ne kawai suka bambanta. To na rubuta guda ɗaya. Duk inda suna zai shiga na bar gurbi, duk inda lamba za ta shiga na bar gurbi. Ga jadawali nan a gefe, kowace saba da layinta. In ya zo kan ta bakwai, sai ya ɗauko sunan ta bakwai ya cike guraben da kansa. Kamar fom ne, takarda ɗaya, kowa ya cike nasa."

"Kenan ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba?"

"A'a. Kuma ko wa aka ba jadawalin zai iya."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta soke shi. Ko wa. Shekara goma sha shida, ciwon baya, yatsun da sanyin ɗakin nan ya ƙandare, an tattara an mayar da su abin da ko wa zai iya, a bakin yarinyar da ya share wa majina. Manaja kuwa har da tafi. Ya ce ranar Asabar mai zuwa, da rassa ke rufe, a yi.

A mota, da suka kusa gida, ya juyo ya dube ta.

"Ashe a gidana kike zama kina haƙa mini rami."

"Haba Yaya, wane irin rami? Sauƙi na nema maka. Bayanka fa kullum..."

"Bayana ya kawo miki ƙara ne? Ke har yaushe kika san saba? Kin taɓa jin warin wadda za ta ƙone?"

A gida matarsa ta ga fuskokinsu ta ajiye masa abinci. Ya ture abincin, ya ce gishiri ya yi yawa, alhali bai ɗanɗana ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya mayar da ofis gidan gaba. In ta nemi makulli sai ya ce yana waya. In ta yi tambaya sai ya ce ta tambayi gurbinta. A wurin shan shayi ya riƙa ce wa direbobi ga Farfesa nan tafe, a ba ta hanya kada ta cike su a fom. Suna dariya, ita tana wucewa da kofinta kai a ƙasa. Ba ta rama ba ko sau ɗaya, kuma rashin ramawar ya fi ƙona masa rai.

Ranar Laraba da hantsi ta same shi a teburinsa da takarda a hannu.

"Yaya, abu ɗaya ya rage. Kowace saba faifan ajiya biyu gare ta, ko? Na farko na tsarin aiki, na biyu na hotunan marasa lafiya."

"Sai yau kika sani?"

"Sikirif ɗin faifan farko zai goge. Ina so in sani, in bar shi ƙa'ida ɗaya ga kowa, ko in yi masa gurbi a jadawali kowace da nata? In duk iri ɗaya ne ba sai na yi ba. Kai ka haɗa su, kai ka sani."

Ya sani kuwa. Shekara shida da suka wuce ta goma sha tara ta ƙone wani ɓangare, ya sauya mata, wayoyin ba su kai ba ya juya su. Tun daga ranar faifanta na farko shi ne na hotuna. Ya ce ta ba shi minti biyu. Ya juya mata baya, ya kwance robar littafin, ya buɗe shafin, ga shi nan da rubutunsa: faifai a juye. Ya ja jan biro a ƙarƙashi, hannunsa ya sa kwanan wata a gefe, ya rufe.

"Duk uwa ɗaya uba ɗaya ne," ya ce. "Ai ke kika faɗa wa Manaja."

"Ka tabbata, Yaya?"

"Ni kike tambaya ko na tabbata?"

Ta ce ya yi haƙuri, ta tafi.

Kada a ce ya yi niyyar hallaka hotunan mutane. Muguntarsa ƙarama ce, irin ta mai tsoro. Kowace saba tana kai kwafin ajiyarta wani babban rumbu kullum, shi ya tsara hakan da hannunsa. Lissafinsa shi ne sikirif ɗinta ya goge ta goma sha tara, a yi ihu, idon Manaja ya raina fata, sannan shi ya miƙe a tsanake ya dawo da komai daga kwafin cikin awa biyu. Yarinya ta koyi hankali, Manaja ya san wa ke riƙe da kamfanin. Har jimlar da zai faɗa ya shirya, yana ta maimaita ta a banɗaki.

Asabar da ƙarfe tara na safe suka shiga ɗakin sanyi su uku. Manaja ya zo da rigar sanyi da kujerarsa. Auta ta gwada a ta ɗaya ita kaɗai, ta tashi lafiya. Ta gwada ta biyu. Sai ta saki sauran gaba ɗaya, layuka suka riƙa gudu a allonta, kowace saba na karɓar sunanta tana ɗora sabon tsari. Mai Makulli ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu. Ko shi sai da abin ya burge shi, ya kuma ji haushin burgewar.

Kafin azahar ashirin da bakwai sun yi kore a allo, alamar sun tashi lafiya. Ta goma sha tara ma ta tashi, amma da Auta ta leƙa wurin hotuna, wayam. Ta sake leƙawa. Ta miƙe tsaye, kujerar ta faɗi.

"Yaya, babu hotuna. Na shekara tara, babu ko ɗaya."

Manaja ya fara salati yana zagaye ɗakin. Mai Makulli ya bar su suka ɗan dahu, sannan ya tako.

"Matsa," ya ce mata. "Saba ba fom ba ce. Allah ya sa akwai manya a ɗakin."

Ya zauna, ya buɗe rumbu, ya jawo kwafin ta goma sha tara. Awa ɗaya da rabi yana kaɗa ƙafa, yana yi wa Manaja lacca kan yaran zamani. Auta na tsugune a jikin bango, hawaye na zuba ba ta sharewa. Da aka gama ya buɗe hoton farko da gadara, ya juya allon don kowa ya gani.

Hoton ƙirji ne, a kusurwarsa an rubuta reshe na goma sha takwas. Ya buɗe wani. Goma sha takwas. Ya tsallaka shekara uku baya, ya dawo watan jiya, duk goma sha takwas. A cikin wannan sanyi gumi ya keto masa har cikin kunne.

Auta ce ta miƙe ta buɗe tsohon sikirif ɗinsa na ta goma sha tara. Ba ta daɗe ba. Lokacin da ya gyara sabar shekara shida baya, ya sake kwafo sikirif daga na goma sha takwas, ya sauya lambar a wuri goma. Na goma sha ɗayan, layin da ke cewa daga ina za a ɗebo kwafin ajiya, ya tsallake shi. Shekara shida rumbun na kwasar hotunan reshe na goma sha takwas yana jibge su da sunan goma sha tara, tsofaffin kuma ya daɗe da murƙushe su. Kullum da safe Mai Makulli na duba alamar kore mai nuna an kai kwafi ya gyaɗa kai, bai taɓa buɗe hoto ɗaya ya gani ba.

Ranar Litinin waya ta fara ruri tun kafin a share ofis. Likitan reshe na goma sha tara ya ce akwai wata mata a gabansa, ƙari ne a huhunta, ana so a gwada hoton bana da na bara a ga ko maganin na ci. Aka ce masa babu na bara. Ya ce a maimaita masa. Abin da ya faɗa bayan nan sakatariya ba ta yarda ta isar ba.

Manaja ya kira Mai Makulli da Auta. Takardar sallama na kan tebur, an riga an buga, sa hannu kawai ta rage. Mai Makulli ya tsaya tsuru-tsuru. Shekararsa hamsin da uku, ba takardar makaranta, ga yara huɗu. Ya san in ya fita ƙofar nan ba wanda zai sake damƙa masa ɗakin sanyi.

Auta ce ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, laifin namu ne mu biyu. Ni ya kamata in duba kowace saba da idona kafin in goge, ban yi ba. Shi kuma mantuwa ce, abin shekara shida, kowa zai iya mantawa. Layin da ya tsallake ma irin kuskuren da hannu ke yi ne. In za a kore shi a haɗa da ni. Mutumin nan shi ya raine ni, ban taɓa ganin ya cuci aikinsa ba."

Mai Makulli ya kafa wa tayil ido. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Manaja ya daɗe yana juya biro. Daga ƙarshe ya jefa takardar a durowa, ya ce sharaɗi biyu. Makulli ya koma hannun Auta yau. Littafin nan kuma a zauna a karanto shi kaf, duk wani hali na kowace saba a yi masa gurbi a jadawali, kada wani abu ya sake zama a kan mutum ɗaya. Mai Makulli ya kwance makullin daga bel, sai da zoben ya karya masa farce.

Da yamma suka zauna a ɗakin sanyi, ita da kwamfuta, shi da littafi a cinya. Yana karantowa tana bugawa. Ta uku fankarta ta hagu. Ta takwas ba ta son a kashe ta da maɓalli. Har ta ɗan yi masa wasa, ta ce ashe Yaya likitan sabobi ne, kowace da katinta. Ya yi yaƙe. Ta goma sha bakwai. Ta goma sha takwas. Ya lashi yatsa ya haɗa shafi biyu ya juya.

"Ta ashirin," ya ce.

"Ka tsallake sha tara."

"Ba komai a kanta."

"Ba komai? Ita da ka taɓa yi wa babban gyara? Kawo in gani, ƙila akwai lambar faifan, masu ceto bayanan da aka goge, waɗanda Manaja ya kira, sun tambaya."

"Na ce miki ba komai!"

Tsawar ce ta tona shi. Ta dube shi sosai, ta miƙo hannu, kuma ga mamakinsa sai ya ga ya sakar mata littafin. Ta buɗe shafin. Ta karanta tsohon rubutun, ta ga jan layin da ke ƙarƙashinsa, sabo fil, ta bi gefe da yatsa har kan kwanan watan. Ta ɗaga wayarta ta duba kalanda, ta ajiye.

"Laraba," ta ce. "Ina tsaye a bayanka."

"Auta, tsaya ki ji. Na ɗauka kwafin na nan. Wallahi awa biyu kawai na so..."

"Awa biyu ka so in yi ina kuka a gaban Manaja."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta mayar da robar jikin littafin, ta sa shi a jakarta, ta rufe kwamfutar.

"Ɗazu na rantse wa mutum ba ka taɓa cutar aikinka ba. Na sa wuyana."

"Ni fa na riƙe ki tun kina shekara tara," ya ce. "Ki tuna. Kada ki kai wa Manaja, don girman Allah."

Ta tsaya a bakin ƙofa, jakar a kafaɗa.

"Manaja sai gobe. Yau matarka, Anti, zan kai wa, ita ta fi shi haƙƙin sani. Shekara ashirin tana ce mini faɗa ne kawai da kai, zuciyarka fara ce."

Ta fita. Ya bi ta har baranda yana kiran sunanta, masinja da sakatariya suka leƙo, ya koma ciki. Ya zauna a kujerar da ta tashi, ya ciro wayarsa ya nemo lambar matarsa don ya riga ta, ya daɗe yana kallon lambar yana neman yadda zai fara. Bai samu ba. Wajen minti arba'in bayan haka wayar ta yi ƙara a hannunsa, matar ce ke kira.